Giɓi a Baki: Dashe ko Haƙorin Roba?

A ƙasar Daura, har da garinmu Zango, an saba ganin haƙorin Makka a bakin alhazai, ado da shaidar an sauke farali. Dattijon da ya rasa turamensa kuwa ba ado ke damunsa ba. Tsire da kilishi sun gagare shi, ya koma fura da kunu, jiki yana ramewa, 'ya'yansa suna cewa ai tsufa ne.

Hanyoyi biyu aka fi sani na cike giɓi. Haƙorin roba shi ne wanda ake auna baki a ƙera, a sa da safe, a cire da dare. Yana da rangwame, kuma babu tiyata. Aibinsa shi ne, ƙashin muƙamuƙin da ya rabu da saiwar haƙori yakan zaizaye sannu a hankali, sai abin da ya zauna daram bana ya soma rawa bayan 'yan shekaru, dole a koma gyara.

Dashe kuwa ƙusa ce ta ƙarfen taitaniyam da ake kafawa cikin ƙashi. Wani likitan Siwidin, Branemark, ya fara yi wa mutum a 1965, bayan ya lura ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe. Akan jira kimanin wata 3 zuwa 6 kafin a ɗora haƙori a kai. Yana tauna kusan kamar na halitta, yana kuma rage zaizayar ƙashi. Sai dai ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba, da shan taba, suna iya sa aikin ya lalace.

A nawa ganin, matashin da ya rasa haƙori guda a hatsarin babur, in da hali, ya yi dashe, domin shekaru masu yawa suna gabansa. Manomin da haƙoransa suka zube da yawa fa? Kuɗin dashe ɗaya ya ninka na roba sau da dama, ga zirga-zirga ta Daura zuwa Kano ba sau ɗaya ba, wataƙila ma tsakiyar damina. Gara ya sami na roba daga hannun ƙwararre a asibiti. Masu liƙa haƙori a kasuwa sukan bar mutum da dasashi mai ruwa da wari.

Akwai kuma tsaka-tsaki da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba: a kafa ƙusa biyu kacal a muƙamuƙin ƙasa, su riƙe haƙorin roba ya daina zamewa. Wanda zai kai mahaifinsa wurin likita, ya tambayi wannan tun kafin a auna baki.