Littafi Ma Yana Son Rumbu

Kowane manomi a ƙasar nan ya san aikin gona ba ya ƙarewa ranar girbi. Sai an ɗaure hatsi dami-dami, an ƙidaya, an kai rumbu an rufe, sa'an nan hankalin maigida yake kwanciya. To, haka aikin rubuta littafi yake. Mutum yakan share shekara biyu ko uku yana saƙa labari, ya hana idonsa barci, amma in bai yi wa aikin tsari da ma'aji ba, dare ɗaya ya isa ya raba shi da wahalarsa duka. Saboda haka yau za mu yi bayani a kan manhajojin kwamfuta da aka ƙera musamman domin masu rubuta ƙagaggun labarai, da yadda marubucinmu na Yamai zai ci moriyarsu.

Maganar ta shafi ƙasa baki ɗaya. Tun farkon shekarun 1960 aka buɗe cibiyoyin yaƙi da jahilci a Nijar, a 1973 kuma aka soma gwajin koyar da yara da Hausa a wata makarantar Damagaram. A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Amma kowane malamin yaƙi da jahilci zai shaida cewa dattijon da ya koyi karatu, in bai sami abin karantawa ba, sannu a hankali baƙaƙen sukan gudu daga kansa. Ke nan duk littafin Hausa da ya salwanta kafin ya kai maɗaba'a, asara ce ga dubban mutanen da ke jiransa ba su sani ba.

Yadda magabata suka yi

Dogon aiki ba baƙo ba ne gare mu. Marigayi Bubu Hama, wanda aka haifa a Foneko ta ƙasar Tera a 1906, ya rasu a 1982, ya rubuta littattafai masu ɗimbin yawa alhali yana shugabancin Majalisar Dokoki daga 1958 zuwa 1974. Littafinsa Kotia-Nima kashi uku ne. Shi ne kuma ya dage wajen tattara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami daga hannun malamai, waɗanda suka zama tushen taskar cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdu Mumuni, mai ɗauke da wajen kundi 4000. A Zariya kuwa, Alhaji Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce littafi uku tsakanin 1937 da 1939, da labarai fiye da 80 waɗanda zare ɗaya ya ɗinke: akun da ke tsare ɗan sarki da hira a littafi na ɗaya, shi ne ke koyar da ɗansa a littafi na uku.

A wancan zamani kayan aikin marubuci su ne alƙalami da kaye da keken rubutu da takardar kabon. In ya ga wani yanki da ke babi na tara ya fi dacewa da babi na uku, sai ya sa almakashi ya yanka, ya liƙa, ko ya sake buga shafuna da yawa. Sunayen mutanen labari da shekarunsu da danginsu kuwa, ko dai ya riƙe su da ka, ko ya keɓe musu kaye. Waɗannan wahalhalu ne manhajojin yau suka zo su rage.

Raba labari fitowa-fitowa

Manhajar buga wasiƙa da muka saba gani a ofisoshi tana ɗaukar rubutu tamkar doguwar igiya ɗaya, daga shafi na 1 har zuwa na 300. Manhajar marubuta kuwa tana yanka labari ƙanana-ƙanana, kowane yanki da ma'ajinsa. Yankin nan shi ne fitowa, kamar yadda ake cewa a wasan kwaikwayo, watau abin da ya faru a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, tsakanin wasu mutane. Fitowa da fitowa su haɗu su yi babi, babi da babi su yi littafi.

Wadda ta fi suna ita ce Scrivener, wadda wani malamin makaranta ɗan Ingila, Keith Blount, ya ƙera domin yana son rubuta nasa labarin bai sami kayan aikin da ya gamshe shi ba. Ta fito a 2007, kuma sayenta ake yi. Akwai na kyauta: yWriter, ta marubuci Simon Haynes na Ostareliya, da novelWriter, da Manuskript. Dukansu tsarinsu kusan ɗaya ne. A gefen allo akwai jerin babobi da fitowa. Kowace fitowa tana da ɗan kati inda ake rubuta taƙaitaccen bayani, misali: Hadiza ta iso tashar mota da dare, ba ta tarar da kawunta ba. Marubuci yana iya shimfiɗa katunan gabansa ya dubi labarin duka a kallo ɗaya, ya ja wannan gaba, ya mai da wancan baya, rubutun da ke ƙarƙashin kati ya bi shi ba tare da an sake buga harafi ko ɗaya ba. In aiki ya kammala, manhajar ta ɗinke yankunan ta fitar da littafi guda, a kai wa mai ɗab'i.

Amfanin wannan ga ma'aikaci a bayyane yake. Wanda ya tashi daga aiki da yamma ba shi da ƙarfin tunkarar shafi 300, amma yana iya buɗe fitowa ɗaya tsakanin magariba da lisha ya gama ta. Da haka, kamar mai gini da tubali, har soro ya tashi.

Littafi mai kashi da yawa

Marubutan Kano, tun daga tsakiyar shekarun 1980, sun saba fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, masu karatu a Maraɗi da Damagaram da Yamai suna ɗokin ci gaba. A nan ne mantuwa ke yi wa marubuci illa. Yarinyar da aka ce marainiya ce a kashi na ɗaya, sai ga mahaifinta yana ɗaura mata aure a kashi na uku. Mai karatu ba ya yafe irin wannan, domin shi ya riƙe labarin da zuciya ɗaya.

Maganin abin shi ne rajista, irin wadda magajin gari ke riƙewa ta haihuwa da aure da mutuwa. Manhajojin nan suna ba kowane mutumin labari takardarsa: suna da laƙabi, shekarar haihuwa, iyaye, sana'a, kama, da irin maganarsa. Haka ma garuruwa da gidaje. Wasunsu har suna nuna duk fitowar da mutum ya bayyana a ciki. Ya kamata a ƙara da jadawalin lokaci, a san wace damana aka yi fari, wane azumi aka yi rasuwa. Wasu marubuta sukan zuba littattafan duka cikin aiki ɗaya, domin in sun nemi suna su same shi ko'ina yake. Wasu sukan ware wa kowane littafi ma'ajinsa, su riƙe rajista ɗaya tal wadda duka ke komawa gare ta. Kowace hanya aka bi, sharaɗi ɗaya ne: duk abin da ya sake a cikin labari, a rubuta shi a rajista a ranar.

Ajiya maganin wata rana

Abokan gaban rubutu a Yamai sanannu ne. Akwai zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu da ke shiga cikin na'ura. Akwai yankewar wuta, kamar yadda aka sha fama bayan Najeriya ta katse layin lantarki a watan Agusta na 2023. Akwai ruwa, domin a damanar 2020 kogi ya fasa madatsai ya mamaye unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoy da Saga. Akwai kuma ɓarawo, wanda wayar salula yake so, bai san da littafi a cikinta ba, ga shi matasa da yawa yau a waya suke rubutu.

Masana ajiya suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: 3, 2, 1. A mallaki kwafi 3 na aikin, a kan ma'aji iri 2, kuma kwafi 1 ya kasance nesa da gida. Misali, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ɗan makullin ajiya na USB, ɗaya kuma a aika wa kai ta wasiƙar intanet ko a damƙa wa amintaccen ɗan'uwa a wata unguwa. Sharaɗi na ƙarshen nan shi aka fi sakaci da shi. A watan Disamba na 1922 an sace akwatin marubucin Amurka Ernest Hemingway a tashar jirgin ƙasa ta birnin Paris, kusan duk rubutunsa na ƙuruciya ya tafi, domin asali da kwafin kabon a akwati ɗaya suke. A Tumbutu kuwa, a watan Janairu na 2013, an ƙone wajen kundi 4000 a cibiyar Ahmad Baba, amma dubun dubbai sun tsira saboda masu su sun riga sun kwashe su cikin adakokin ƙarfe, ta mota da jirgin ruwa, zuwa Bamako.

Scrivener da ƴan'uwanta suna iya ɗaukar kwafi da kansu duk lokacin da aka rufe aiki, amma sau da yawa a cikin kwamfutar suke aje shi. In ta mutu, da shi za ta mutu, sai fa in marubuci ya nuna musu wani wuri. Haka kuma ma'ajin intanet mai daidaita na'ura da na'ura yakan kwafi kuskure kamar yadda yake kwafar gyara: abin da aka goge nan, ya gogu can. Don haka a riƙa sa wa kowane kwafi kwanan wata, kada sabo ya danne tsoho. Sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a tabbata yana karantuwa, domin mai hankali ba ya jiran bazara kafin ya leƙa rumbunsa ya ga ko gara ta shiga.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da harshenmu, ita ce ta baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. A da ana buga su da wasu haruffa na musamman waɗanda in an buɗe rubutun a wata na'ura sai su rikiɗe, ƙasa ta koma kasa, ɓari ya koma bari. Yau tsarin Unicode ya raba wannan gardama, kuma allon bugu irin na Keyman a kwamfuta ko Gboard a waya yana fitar da su daidai. A tabbata da shi aka fara aiki tun shafin farko. A kuma aje kwafi ɗaya a matsayin rubutu zalla marar ado, wanda kowace na'ura za ta iya buɗewa ko bayan manhajar ta daina aiki. Wanda ya sami hali ya buga a takarda ma, ya ƙara wa kansa kwanciyar rai.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ya ce maganar ta wuce shi. Katunan kwali da kayen rajista suna yin aikin tsari, ɗaukar hoton kowane shafi da waya a aika wa ɗan'uwa kuma ajiya ce.

Kira ga mahukunta

Yamai gari ne da ya san darajar ajiya. A nan cibiyar CELHTO take tun 1968, tana naɗar tarihi daga bakin dattawa da maroƙa domin kada ya bi su kabari. Abin da aka yi wa maganar jiya ya kamata a yi wa rubutun yau. Gidajen matasa da cibiyoyin al'adu irin ta Umaru Ganda suna iya keɓe kwamfuta ɗaya ko biyu, a sa musu manhajojin kyauta da allon bugun Hausa, a koya wa marubuta aiki da su cikin ƴan kwanaki. Ƙungiyoyin marubuta kuma suna iya buɗe ma'aji na amana, inda kowa zai kai kwafin aikinsa da sunansa da kwanan wata, ya zama shaida gare shi in wani ya yi masa satar fasaha.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka fito daga cibiyoyin yaƙi da jahilci, kuna da labaran da babu mai iya ba da su sai ku. Ku rubuta su, ku raba su fitowa-fitowa, ku riƙe rajista, kuma kada ku kwanta daren yau sai kun aje kwafi a gidan wani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya tsare mana abin da muka rubuta, amin.