Hangen Zuma Ba Shiga Abuja Ba Ne

Shekara biyu yarana suka yi suna bina bashin alkawarin kai su Abuja. Da hutun makaranta na watan Disambar 2024 ya zo, uwargida ta tuna mini cewa alkawari kaya ne, sai na ga babu sauran uzuri. Muka yi sammako daga Kano bayan sallar asuba, ni da ita da yara uku: Hauwa mai shekara 13, Sadiƙu mai 10, da autarmu Ummi. Muka ratsa Zariya da Kaduna cikin hazon hunturu, muka nufi gidan ƙanena a Kubwa.

Kafin mu tashi na raba wa yaran takardun kuɗi uku, naira 20 da tsohuwar naira 100 da naira 1,000, na ce kowa ya riƙe tasa, duk wanda ya ga abin da ke jikin takardarsa da idonsa yana da tukuici. Dabarar hana su faɗa a mota ce kawai, ban san ita za ta zama darasin tafiyar ba.

Sadiƙu ne ya fara cin gasa. Muna wuce Suleja, kafin Madalla, sai ga Dutsen Zuma ya tokare sama, da wannan fuska mai kama da ta mutum a jikinsa. Ya ɗaga takardarsa yana ihu, “Baba, ga shi! Mun zo Abuja!” Na ce masa tukuna, wannan dutse a Jihar Neja yake, kuma kamar yadda hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka hangen Zuma ba shiga Abuja ba ne. Nan na ba su labarin da ba su taɓa ji a aji ba: garin da muka baro a baya shi ne Abuja na asali. Abu Ja, daga zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau waɗanda jihadi ya fitar daga Zariya, shi ya kafa shi a 1828. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Washegari ƙanena, wanda yaran ke kira Baffa, ya ja mu zuwa tsakiyar birni. Gaskiya gani ya kori ji. Tituna shimfiɗa-shimfiɗa, gadoji bisa gadoji, bishiyoyi jere reras. Muka yi sallar azahar a Babban Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984, mai ƙubba ruwan zinari da hasumiya huɗu. Ba da nisa ba ga Babbar Majami'ar Kiristoci ta Ƙasa da aka kammala a 2005. Hauwa ta lura cewa daga kan titi ɗaya ana iya hango su duka biyun. Na ce mata ai ba haɗari ba ne, da gangan aka tsara hakan, domin birnin da ake wa kirari da Cibiyar Haɗin Kai dole kowa ya ga alamarsa a cikinsa. Can kuma Ummi ta ci nata tukuicin, da muka gifta ta gaban hedikwatar Babban Bankin Nijeriya, ginin da ke bayan naira 1,000.

Daga nan ne tafiyar ta fara sauya launi. Muka wuce Dandalin Eagle, inda tun 1999 ake rantsar da shugabannin ƙasa, muka hango koriyar ƙubbar Majalisar Dokoki ta Ƙasa, inda sanatoci 109 da wakilai 360 ke zama, da Dutsen Aso a bayanta. Duk ta gilashin mota muka gan su. A gaban wani gini, da muka rage gudu don Sadiƙu ya ɗauki hoto da wayar mahaifiyarsa, wani mai gadi ya ɗaga mana hannu cewa ba a tsayawa, ba a ɗaukar hoto. Ban ga laifinsa ba. Aikinsa yake yi, kuma duk wanda ya tuna bom ɗin ranar 1 ga Oktoba 2010 kusa da Dandalin Eagle, da na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2011, da na tashar Nyanya a 2014, ya san shingayen nan ba banza aka kafa su ba. Amma yaro ba ya karanta tarihin shinge. Abin da ya gani kawai shi ne an kore shi.

Sai Hauwa, wadda ta yi shiru tun ɗazu, ta ce, “Baba, to mu ina ne namu a garin nan?”

Mai karatu, na yi shekaru ina amsa tambayoyi a wurin aiki, amma wannan ta ɗaure ni. Na so in kai su gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano, ko na Jos da aka buɗe tun 1952, inda yaro zai tsaya ya ga ƙasarsa a ɗaki ɗaya. Baffansu ya nuna mana Hasumiyar Millennium da cibiyar al'adun da aka tsara tare da ita, da kuma ginin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Dukansu a 2006 aka fara su, kuma ranar da muka je babu wanda aka kammala. Birnin ya gama wa masu mulki ofisoshi da gidaje, amma wuraren da aka yi nufin ɗan talaka ya shiga ya ƙaru da ilimi, su ne suka tsaya a rabi.

Wuri ɗaya da ya karɓe mu hannu bibbiyu shi ne Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disambar 2003. Babu wanda ya tambaye mu takarda ko daga ina muke. Uwargida ta shimfiɗa tabarma, ta buɗe kular dambun shinkafa. Kusa da mu wani iyali na hira da Yarabanci, can gaba wasu da Ibo, kafin ka ce kwabo yaran duka sun haɗu suna buga ƙwallo ɗaya. Wannan awa biyun ita ce Abujar da Janar Murtala Muhammad ya yi shelarta ranar 3 ga Fabrairu 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda: birni a tsakiyar ƙasa, nesa da cunkoson Legas, wanda babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne ita kaɗai. Kwana goma bayan shelar aka kashe shi, kuma sai ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya dawo da fadar gwamnati nan.

Da la'asar muka kama hanyar Kubwa, muka faɗa cikin cunkoso. Baffa ya ce haka yake sha kullum. Akasarin masu yi wa birnin hidima, daga malamin ofis zuwa direba da mai shara, ba su iya kuɗin haya a cikinsa. Da safe su kwararo daga Kubwa da Lugbe da Nyanya, wasu ma daga Mararaba ta Jihar Nasarawa ko Suleja, da yamma su koma. Su ne masu riƙe da garin da rana, amma dare na yi sai su zama baƙi.

Saura takardar Hauwa. A gabanta hoton Murtala ne, a bayanta kuma wata mata tana gina tukunya. A rana ta uku muka je ƙauyen Ushafa, wajen masu ginin tukwane, inda Shugaban Amurka Bill Clinton ya taɓa ziyarta a shekarar 2000. Hauwa ta tsaya tana kallon wata dattijuwa na zagaya yumɓu da hannunta, ta duba takarda, ta duba matar. Na gaya mata cewa wadda ke jikin kuɗin sunanta Ladi Kwali, 'yar garin Kwali ce da ke cikin wannan yanki, gwanar tukwane da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Na ce mata tun kafin a zana titi ko ɗaya, akwai Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa a wannan ƙasa, da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. An tashi wasu, an bar wasu birni ya kewaye su. Jikokinsu ba su da gwamna ko majalisar jiha da za su zaɓa, sai minista da shugaban ƙasa ke naɗawa, da sanata ɗaya da wakilai biyu. Idan ɗiyata da ta zo yawon kwana uku ta tambayi ina ne nata, me ɗan Gbagyi zai ce?

Ba na cikin masu cewa gina Abuja kuskure ne. Ƙasa irin tamu tana bukatar wurin da ba na kowa ba domin ya zama na kowa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A kammala ɗakin karatu da cibiyar al'adu. A ware ranakun da iyalai da 'yan makaranta za su shiga manyan gine-ginen mulki cikin tsari, da jagora mai yi musu bayani, domin tsaro da tarbar yara ba abokan gāba ba ne. A kuma kafa wurin da zai ba da labarin mutanen da suka ba da ƙasarsu. Mu iyaye ma muna da namu alhakin: wanda Allah Ya hore wa, ya kai 'ya'yansa, kada ya tsaya a kantunan zamani da gidajen abinci. Yaron da ya taso yana ganin gwamnati ta bayan shinge, da wuya ya girma yana jin cewa dukiyar ƙasa amanarsa ce.

A hanyarmu ta komawa, da muka sake gifta Zuma, na ce kowa ya kawo takardarsa a sayi ƙosai a Tafa. Sadiƙu da Ummi suka miƙo nan take. Hauwa ta ce ita ba za ta kashe tata ba, ai ko ƙosai ɗaya ba za ta saya ba. Ta ninke ta, ta sa a cikin littafinta. Allah Ya raya mana su, Ya nuna musu ranar da za su shiga birnin ƙasarsu ba tare da sun tambayi ina ne nasu ba.