Ƙarar Fankar Saba: Ciwo ne ko Alamar Ciwo?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da ake ajiye manyan kwamfutoci a jami'a ko banki, abin da zai fara tarye shi shi ne ƙara. Waɗannan kwamfutoci su ne ake kira saba, wasu kuma suna fassara sunan da uwar garke, domin su ke riƙe da bayanan da ƙananan kwamfutoci suke ɗiba. Ƙarar kuwa ta fankokin da ke cikinsu ce. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda za a bambance ƙarar lafiya da ta matsala, domin wanda ya kasa bambance su yakan canja fanka mai lafiya ya bar ciwon yana ci, har wata rana sakamakon jarrabawar ɗalibai ko takardun albashi su salwanta.

Da farko dai, kusan dukkan wutar lantarkin da saba ta sha zafi take komawa. Watau saba mai shan wat 400 daidai take da abin ɗumama ɗaki mai wat 400, sai dai ita an cusa zafin nata cikin siririn akwati. Ana auna kaurin akwatin da ma'aunin da ake kira U, wanda yake milimita 44.45. A cikin akwati mai U ɗaya babu fankar da za ta shiga sai mai faɗin milimita 40, alhali kwamfutar tebur takan ɗauki mai milimita 120. Bakin babbar ya ninka na ƙaramar sau tara. To, tun da ƙaramar ba ta da faɗi, ba ta da abin ramawa sai gudu. Ga shi kuma dole ta tura iska ta tsakanin faya-fayan ajiya da wayoyi da ƙarafan da ke tsotse zafin furosesa, waɗanda duk a matse suke.

Saboda haka babu adadi ɗaya da za a ce shi ne gudun da ya dace da kowace fanka. Ta kwamfutar tebur takan yi juyi 800 zuwa 1,500 a minti ɗaya. Ta saba mai U ɗaya kuwa takan yi dubbai ko da saba ba ta aikin komai, in kuma an sake ta takan wuce 15,000, wasu ma har 20,000. Saba mai U biyu, da yake fankokinta sun kai milimita 60 ko 80, ta fi sauƙin gudu da sauƙin ƙara. Abin da ya fi adadin juyi amfani shi ne a san kashi nawa cikin ɗari na iyakar ƙarfinta fanka take bayarwa. Saba mai lafiya a ɗaki mai sanyi, in ba wani aiki mai nauyi take yi ba, galibi ba ta kai rabi.

Akwai wata ƙa'ida ta injiniyoyi da ke bayyana dalilin da ƙaramin ƙari a gudu yake zama babban ƙari a kunne. In aka ninka gudun fanka sau biyu, iskar da take turawa za ta ninku sau biyu, wutar da take ci za ta ninku sau takwas, ƙararta kuma za ta ƙaru da kamar desibel 15, wanda kunne ke ji fiye da ninki biyu. Ke nan fankar da ta tashi daga kashi 30 zuwa kashi 60 tana iya tayar da hankalin ma'aikaci alhali ba ta fita daga haddinta ba.

Muhimmin abin lura shi ne, fanka ba ita take zaɓar gudunta ba. A kan babban allon saba akwai wata 'yar kwamfuta mai zaman kanta, ana kiran ta BMC, wadda ba ta barci ko an kashe saba, muddin wayar wuta tana jone. Kamfanin Dell yana kiran tasa iDRAC, HP kuma iLO, yawancinsu kuwa suna jin yaren IPMI wanda Intel da HP da NEC da Dell suka fitar a 1998. Ita ce ke karanta ma'aunan zafi, ta aika wa fanka umurni ta ɗaya daga cikin wayoyinta huɗu, fankar kuma ta mayar mata da rahoton juyinta ta wata. An gina ta bisa tsoro: duk abin da ba ta gane ba, sai ta ɗauka wuta ce, ta saki fankoki gaba ɗaya. Shi ya sa saba ke kururuwa na ɗan lokaci in an kunna ta, kafin BMC ta gama tantance abin da ke ciki. Wannan ba matsala ba ce. Matsala ita ce in minti goma ya wuce ba ta lafa ba.

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Mai bincike ba da sukundireba zai fara ba, da kundin rahoton BMC zai fara, sa'an nan ya dubi ma'aunin zafin iskar da ke shiga ta gaba. Ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka mai suna ASHRAE ta ba da shawarar wannan iska ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27. A Kano ko Sakkwato, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, da zarar na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya fankoki za su tashi, kuma daidai suka yi. Hunturu kuma yana zuwa da nasa: ƙura ta toshe ragar gaba, ta like tsakanin ƙarafan tsotse zafi, fanka tana ta gudu iska ba ta wucewa.

In zafin ɗaki daidai ne, sai a nemi abin da ya tsorata BMC. Murfin akwati a buɗe yana yi. Mutuwar fanka ɗaya tana yi, domin sauran za su ɗauki nauyinta. Haka nan gurbin faifai da aka bari ba marufi, ko rumfar roba mai karkata iska kan furosesa da aka manta ba a mayar ba bayan gyara. Wanda ya fi rikita mutane shi ne baƙon kaya. Wasu sabobin Dell suna ƙara gudu in an sa musu katin da ba su sani ba, wasu na HP kuma in an sa faifan da ba za su iya karanta zafinsa ba. A irin wannan hali komai sanyi ne, fankoki kuwa na ihu. Sabunta manhajar BMC ko gyara saitinta shi ne magani.

Akwai kuma fankar da ke tashi tana faɗuwa kamar numfashi. An san wannan da allunan Supermicro in an sa musu fanka mai tafiyar hawainiya don neman shiru. Juyinta yakan faɗi ƙasa da iyakar da aka gindaya wa BMC, ita kuma ta ɗauka fankar ta mutu, ta saki duka, ta ga ta farfaɗo, ta sassauta, haka dai ba iyaka. Ana saukar da wannan iyaka da manhajar ipmitool.

Sai a ƙarshen bincike ake tuhumar fankar kanta, kuma kunne ne alƙali. Ƙarar lafiya shuuu ce mai ɗorewa, komai ƙarfinta. Ƙarar boris da ya cinye kuwa gurzawa ce ko kaɗawa, wani lokaci da rawar jiki, kuma rahoton juyinta yakan bambanta da na 'yan'uwanta ƙwarai. Irin wannan ba a sa mata mai, canja ta ake yi, kuma a sabobi da yawa ana zare ta ba tare da an kashe wuta ba.

Wasu sukan gaji su ɗaure gudun fanka da hannu a kan kashi 10 ko 20. Wannan kasada ce. Furosesa tana iya kare kanta ta rage aiki in ta yi zafi, amma faya-fayan ajiya masu juyawa ba su da wannan dabara, su ne kuwa ke riƙe da bayanan. In ƙarar ce ta dami ma'aikata, gara a raba saba da ofis, wanda zai daɗe a ɗakinta kuma ya toshe kunne, tun da hukumar NIOSH ta Amurka ta sa desibel 85 a matsayin iyakar abin da kunne zai jure na awa takwas.