Kafin a tayar da tsohuwar 504, a leƙa ƙarƙashinta

A garuruwan arewacin Zazzau, irin su Paki, Ikara, Maƙarfi da Hunkuyi, ba wuya ka tarar da tsohuwar Peugeot 504 an jingine ta a bayan gida, tayoyi sun sace, awaki na shan inuwa a gindinta. Yawancinsu haɗin Kaduna ne. Kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, alhali a Faransa an daina ƙera salun ɗinta tun 1983.

Wanda ya san ta a tasha kawai tana lodin fasinja zai yi mamaki in ya ji cewa tana da tarihin tsere. Ita ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, sannan ƙanwarta mai ƙofa biyu da injin V6, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, ta sake lashewa a 1978 da Jean-Pierre Nicolas. Saboda haka ɗan da ya yi niyyar tayar da motar mahaifinsa ba shirme yake yi ba. Matsalarsa dai ita ce inda zai fara dubawa.

Kowa injin yake fara tambaya. Ya tashi? Yana hayaƙi? Ni kuwa a ganina injin shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin, don makanikai da yawa sun girma a kansa, kayansa kuma ba su ɓace ba. Abin da ke cinye kuɗi shi ne tsatsa da wayarin, kuma su biyun ciwo ɗaya ne.

Ana ɗauka tsatsa matsalar Legas ce mai iskar teku, ko ta motocin Beljiyam da suka sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Mu ma muna da namu gishirin, sai dai a buhu yake zuwa. Takin zamani, yuriya ko NPK, yana janyo laima, kuma in ya zube a bayan a-kori-kura ko cikin but, ya haɗu da ruwan Agusta, cin ƙarfe yake yi ba sassauci. Ga ruwan tumatir da ke tsiyaya daga kwanduna a hanyar kasuwa. Ga taɓon hanyar gona da ke maƙalewa a saman tayoyi, ya riƙe danshi makonni bayan ruwa ya ɗauke. Motar da ta yi shekaru tana jigilar rake da taki a wannan yanki, da wuya gindinta ya tsira.

Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban; gangar jikin ce ke ɗauke da komai. Don haka tsatsar ƙofa ko bonet abin kunya ce kawai, amma tsatsar da ta kama inda shokazoba ta gaba take ɗaure, ko dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ko wurin da ake kafa jak, wannan maganar rai ce. A ɗage kafet a duba ƙasa, a ciro safaya a duba mazauninta, a sa sukundireba a danna da ƙarfi. Ƙarfe mai lafiya ba ya lotsawa. Inda fenti ya yi bororo, aikin ya riga ya yi nisa daga ciki, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take tura fenti waje. Sabon fenti mai sheƙi kuwa ya kamata ya ƙara wa mai saye shakka. A tafi da ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa.

Abin da ke haɗa tsatsa da wayarin shi ne, wutar mota waya ɗaya ke kai ta, jikin motar ne ke mayar da ita batir. In tsatsa ta shiga tsakanin wayar as da ƙarfen da aka ɗaure ta, sai mota ta fara abin da ake cewa aljanu: ka taka birki tirafiketa ta kama, ka kunna fitila ta yi ja kamar aci-balbal, ka murza makulli ka ji ƙas-ƙas alhali batirin sabo ne. Mutane da dama sun sayi kik da altaneta a banza, ga shi maganin bai wuce a kwance noti a kankare wurin ba. Mita ƙarama ta isa ta raba gardama: cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6, in inji na aiki kuma ya kai kusan 14.

Sauran ɓarnar wayarin daga zafi take, da ɓera, da hannun mutum. Robar waya mai shekara arba'in ta bushe, da an lanƙwasa ta sai ta tsage. Motar da aka ajiye kusa da buhunan masara, ɓeraye sun yi gida a bayan dashbod. Amma mafi muni shi ne abin da masu gyara suka bari: waya a murɗe an naɗe da salatif, rediyo da hon an jona su kai tsaye daga batir, fiyus ya ƙone an maye shi da silin waya. Fiyus an yi shi ne don ya mutu a madadin mota. Wanda ya ɗaure shi ya mayar da wayarin gaba ɗaya fiyus, kuma bututun fetur na nan kusa. In aka tarar da irin wannan ƙulle-ƙulle a wurare da yawa, sake wayarin ɗungurungum ya fi araha a kan faci.

In an tashi gyara, mai walda ne zai fara aiki, bayan an cire batir da tankin mai, ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya sa sabo, ba ya ɗora faranti a kan tsatsa ba. Fenti ya biyo, mai wayarin ya rufe. Kayan inji ana samunsu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna. Lafiyayyen ƙarfen jiki ne ke wuya, shi ya sa wani lokaci gara a sayi matacciyar 504 ta biyu daga wajen Katsina ko Maraɗi, inda damina ta fi gajarta, a riƙa yanko abin da ake bukata daga jikinta.