Masu Tayar da Matattun Na'urori a Nasarawa

Nasarawar Kaduna unguwar masu aikin hannu ce tun zamanin da masaƙun Kakuri ke ci. Masaƙar KTL ta buɗe a 1957, ta rufe a 2002, amma ɗabi'ar gyara abu maimakon jefar da shi ba ta bar unguwar ba. Yanzu a 'yan shagunan gyaran waya da kwamfuta take zaune, inda za ka tarar da matashi gaban tebur, ga ƙarfen dalma, ga mita, ga tsohuwar laftof, kowa na ce masa injiniya.

Yawancinsu filashin ɗin waya suka iya. Ƙalilan ne ke taɓa akwatin ajiya, wato na'urar nan mai faifai biyu ko huɗu da ake jonawa da rawuta, duk wanda ke gida ko shago ya ɗauki abin da yake so a ciki. Masu ɗaukar hoton biki da masu tura fina-finai a waya sun fi kowa sanin amfaninta. Akasari gwanjon Turai ce, kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina sabunta manhajar da take tashi da ita. Wannan kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne: a watan Yunin 2021 ɓarayin intanet sun goge duk abin da ke cikin akwatunan My Book Live na mutane da yawa, na'urar da rabonta da sabuntawa tun 2015.

Maganin da injiniya ke sa mata ba nasa ba ne, ba kuma na kamfani ba. Wata manhaja ce ta daban, aikin 'yan sa-kai. A 2003 aka matsa wa Linksys ta saki asalin rubutun manhajar rawutarta WRT54G, domin a kan Linux ta gina ta, lasisin GPL kuma ya wajabta hakan. Daga nan manhajar OpenWrt ta fito a 2004. Tsofaffin akwatunan D-Link irin su DNS-323 suna da Alt-F. Wani Bajamushe, Volker Theile, ya fara OpenMediaVault a 2009, wadda ke mayar da tsohuwar kwamfuta rumbun ajiya.

Aikin yana son natsuwa. Sai an duba lambar samfurin da ke ƙasan akwatin harafi da harafi, don biyu na iya kama da juna a waje, cikinsu daban. Mai hankali zai ce, "Alhaji, mu kwashe kayan ciki tukuna," ko da Alhaji na sauri. Babban abin tsoro shi ne wuta. In aka ɗauke ana tsakiyar filashin, na'ura ta mutu ke nan, shi ya sa ƙwararre ba ya farawa sai a kan batir. In ta mutun ma bai sallama ba: zai buɗe ta, ya liƙa siraran wayoyi a jikin allon, ya yi magana da ita kai tsaye daga laftof har ta farfaɗo. A nan ake gane oga da yaron shago.

Kuɗin aikinsa halal ne, lasisin bai hana ba. Abin da ba na so shi ne ɓoye tushen, a bar mai kaya yana zaton wani sirri ne na shagon. Yaba kyauta tukwici. Wanda bai da dalar aika wa masu manhajar yana da abin bayarwa: ya sanar da su wane samfuri ya gwada, me ya yi aiki, me ya ƙi. OpenWrt tana karɓar masu fassara shafukan sarrafa ta, ƙofar kuma a buɗe take ga Hausa.

Injiniyoyin Nasarawa, ku riƙa faɗa wa masu kaya sunan manhajar da kuka sa musu, ku koya wa yaranku inda ake samo ta da yadda ake karanta bayaninta kafin a taɓa na'urar mutane.