Toki Pona: Yaren Kalmomi 120, Zai Iya Cin Kasuwa a Tudun Wada?

A shekarar 2001 Sonja Lang, 'yar ƙasar Kanada, ta ƙirƙiro yare mai suna Toki Pona. Haruffansa 14 ne kacal, littafin da ta fitar a 2014 kuma kalmomi 120 ya ƙunsa, kowace da alamarta ta zane. Dabarar ita ce kalma ɗaya ta ɗauki kaya da yawa: "telo" ruwa ne da duk abin da ke zuba, "luka" hannu ne kuma biyar, wayar da ke hannunka "ilo toki" ce, wato kayan magana. "Mani" kuwa kuɗi ne kuma dabbar kiwo, abin da Bafulatanin Doguwa ba zai yi musu a kai ba.

Kada ka ɗauka wannan baƙon abu ne. Rubuta "kasa" a WhatsApp: gazawa kake nufi, ko kasa tumatir, ko macijiya, ko ƙasa ce ta rasa lanƙwasarta? Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, amma muna ganewa, saboda sauran jimlar na yi mana jagora.

Ga mu masu haɗa manhaja, wannan magana ce ta kuɗi. Saƙon tes ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka saka ƙ, ɗ ko ɓ guda ɗaya, tsarin zai koma Unicode, adadin ya faɗo 70. Mai tura farashin hatsi ga manoman Kiru da Bebeji masu ƙananan wayoyi sai ya biya ninki biyu ko uku. Shi ya sa gajerun alamomi ke jan hankalinmu.

To amma a Toki Pona masara, shinkafa, dawa da burodi duk "pan" ne. Je ka Tudun Wada ka ce wa dillali kana son buhun "pan" goma ka gani! A ganina, alama mai ma'ana da yawa ta dace da gaisuwa da raha, inda kuskuren fahimta dariya kawai zai jawo. In aka zo sunan amfanin gona, ma'auni da farashi, kowanne ya samu alamarsa shi kaɗai. Idan M masara ce a manhajarka, kada ta zama mudu a layi na gaba. Kafin ka sake ta, tura wa manoma biyar saƙon ba tare da bayani ba, ka tambayi kowa abin da ya karanta.