Yadda kwamfuta ke gano Wi-Fi da ke kusa da ita

Tun bayan da kamfanin Starlink ya fara aiki a Najeriya a shekarar 2023, ana samun ƙarin masu sayar da intanet ta Wi-Fi a arewacin ƙasar.

Ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka a garuruwa irin su Lambara da Bodinga da Shagari a jihar Sakkwato, tambayar ita ce: wace hanyar sadarwa ce ta gaskiya, wacce kuma tarko ce?

Kowace na'urar Wi-Fi tana shelar sunanta a iska kusan sau 10 a cikin daƙiƙa guda. Wannan shela ce manhajojin bincike ke saurara, su jero sunan kowace na'ura, da lambar shaidarta, da ƙarfin siginarta, da irin makullin da aka sa mata.

Manhajar NetStumbler, wadda ta yi tashe a farkon shekarun 2000, takan aika tambaya ne ta jira amsa. An daina sabunta ta tun 2004.

Ita kuwa Kismet, saurare kawai take yi ba tare da ta aika komai ba, shi ya sa takan gano har na'urorin da aka ɓoye sunayensu.

Amfanin farko shi ne gyara. A zangon 2.4GHz, tashoshi na 1 da 6 da 11 ne ake zaɓa domin ba sa shiga juna. Idan maƙwabta suka cunkushe a tasha ɗaya, intanet ɗin kowa zai yi nauyi, kuma manhajar ce za ta nuna inda babu cunkoso.

Na biyu shi ne tsaro. Ɓarawo kan iya kafa na'ura mai suna iri ɗaya da ta wani shago, domin ya yaudari masu shiga asusun banki. Sunan zai zo ɗaya, amma sau da yawa lambar shaida ko makullin kan bambanta.

Haka kuma manhajar kan tona asirin tsohon makullin WEP, wanda masana suka nuna rauninsa a 2001. WPA2 na 2004 da WPA3 na 2018 sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

To sai dai akwai iyaka. A 2010 kamfanin Google ya amsa cewa motocinsa masu ɗaukar hotunan tituna sun kwashi bayanan mutane daga Wi-Fi marasa makulli, kuma a 2013 ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 7.

A Najeriya ma, dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ko tara ga mai satar bayanan da ke wucewa ta hanyar sadarwar wani.

Ganin ƙofar maƙwabci a buɗe dai ba izinin shiga ba ne.